Awo da Kunne: Tantance Amfilifayar Hedifon a Gundumomin Magariya da Dungas

Tsakure

Wannan takarda ta duba saɓanin da ake samu tsakanin abin da na'urar awo take nunawa game da amfilifayar hedifon da abin da mai sauraro yake cewa ya ji. Ta bi asalin gardamar tun daga wani bincike na 1933, sannan ta ɗora ta a kan halin da ake ciki a gundumomin Magariya da Dungas na jihar Damagaram, inda mafi yawan sauraro yake gudana ta wayar hannu, da batir, cikin zafi da ƙura da hayaniya. Matsayar takardar ita ce, awo da kunne duka shaidu ne karɓaɓɓu, amma kowanne da sharaɗinsa: a yi awo a irin yanayin da na'urar za ta yi aiki, a yi sauraro ba tare da an ga na'urar ba, kuma da ƙarfin sauti daidai wa daida.

1.0 Gabatarwa



Na san wani zai ce amfilifayar hedifon kayan 'yan gayun Turai ce, me ya haɗa ta da garuruwanmu irin Bande ko Dogo-Dogo? Amsar tana cikin aljihun kowa. Duk wayar da take da ramin sa iyafis, ko Tecno ce, ko itel, ko Infinix, akwai 'yar ƙaramar amfilifaya a cikinta da take tura sauti zuwa kunne. Iyafis mai Bluetooth kuwa tasa amfilifayar tana cikin jikinsa. Haka ma na'urar haɗa sauti da ke gaban ma'aikacin gidan rediyon karkara, da kwamfutar matashin da ke haɗa waƙa a ɗaki. Mahaddaci mai maimaita karatu da dare, da manomi mai jin labarai a gona, da mai gabatar da shiri da ke son jin ko muryar baƙonsa ta fito, duk da ita suke aiki ko ba su san sunanta ba.

Gundumar Dungas daga Magariya aka cire ta a 2011, kuma dukansu biyu suna bakin iyaka da Najeriya. Kayan sauti kan shigo daga kasuwannin Kano, irin su Sabon Gari da Farm Centre, su biyo ta Babura zuwa Magariya ko ta Maigatari zuwa Dungas. Mai saye yana da hujja biyu kawai a hannunsa: lambobin da aka buga a jikin kwali, da ɗan gwajin da mai shago zai yi masa na minti ɗaya ko biyu. Abin da nake son nunawa shi ne duka biyun, a yadda ake amfani da su yanzu, suna ruɗin mai saye, kuma gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

2.0 Abin da ake aunawa

Aikin amfilifaya ɗaya ne: ta karɓi siginar lantarki mai rauni, ta mayar da ita mai ƙarfi, ba tare da ta ƙara ko ta rage komai a cikin siffarta ba. Injiniyoyi suna auna ta ta fuskoki da dama. Suna duba ko tana ba sauti mai kauri da sauti siriri ƙarfi ɗaya, tun daga karkarwa 20 a daƙiƙa har zuwa 20,000, wato iyakar jin ɗan Adam mai ƙuruciya, abin da ake rubutawa da alamar Hz. Suna auna huci, wannan "shhh" da ake ji idan ba a sa komai ba. Suna auna gurɓacewa, wato sautukan da amfilifayar ta ƙirƙiro da kanta waɗanda babu su a asali, kuma wannan shi ne adadin THD da ake gani a takardun kaya.

Akwai awo biyu da ba kasafai ake buga su a kwali ba, alhali su ne suka fi shafar mu. Na farko shi ne yawan wutar da amfilifayar take iya bayarwa idan an ɗora mata hedifon na gaske. Kowane hedifon yana da turjiya, wadda ake aunawa da om. Iyafis na waya yakan kasance om 16 zuwa 32. Hedifon na situdiyo kuwa yakan fi haka nesa: Beyerdynamic DT 770 Pro ana yin sa a om 32 da 80 da 250, Sennheiser HD 600 kuma om 300 ne. Lissafin mai sauƙi ne. Amfilifayar da iyakarta bolt 1 za ta ba hedifon mai om 32 kusan miliwat 31, amma mai om 250 miliwat 4 kawai zai samu, bambancin kusan desibel 9 a ma'aunin ƙarfin sauti. Don haka gidan rediyon da aka ba kyautar hedifon mai tsada mai om 250, ya sa shi a waya ko ƙaramar kwamfuta, zai ji sautin ya yi sanyi, ya ɗauka kayan jabu ne. Hedifon lafiyarsa lau. Abin da ke tura shi ne ba shi da ƙarfin.

Na biyu shi ne turjiyar bakin amfilifayar kanta. Wannan tana raba wuta da hedifon. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta ƙasa da ƙasa, IEC 61938 ta 1996, da ta ba da shawarar om 120 a ramin hedifon. Idan aka sa iyafis mai om 32 a irin wannan rami, kusan kashi 21 cikin 100 na siginar ne kawai zai isa gare shi. Matsalar ba ta tsaya a raguwar ƙarfi ba. Turjiyar hedifon tana hawa da sauka gwargwadon kaurin sauti, don haka rabon wutar ma yana sauyawa, sai wani sashe na sautin ya kumbura wani ya lotsa. Daga nan ne masu sana'ar suka fitar da ƙa'idar cewa turjiyar amfilifaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Da yawa daga bambancin da mutane suke ji da gaske tsakanin amfilifaya biyu, idan aka bi diddigi, a nan yake.

3.0 Abin da kunne yake yi

A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna cewa kunne ba ya jin dukkan sautuka da ƙarfi ɗaya. Ya fi kaifi a tsakanin Hz 2,000 da 5,000, kuma idan sauti ya yi ƙasa-ƙasa, mai kaurin ne yake fara ɓacewa. Aikin da ya biyo bayan nasu shi ne yau yake cikin ƙa'idar ISO 226. Ma'anar wannan ga mai saye babba ce. Idan aka ɗan ƙara ƙarfin sauti, ko da desibel ɗaya ne, mai sauraro ba lalle ya ce "an ƙara murya" ba. Abin da zai ce shi ne "wannan ta fi cika", ko "wannan ta fi fitar da ganga". Mai shagon da ya murɗa wa na'ura mai tsada murya kaɗan fiye da mai araha ya riga ya gama cinikinsa, ko da gangan ya yi ko ba da gangan ba. Kamar a kwatanta geron mutum biyu ne, na ɗaya an cika tiya har ta yi tozo, na ɗayan an shafe bakinta, sannan a tambayi wane ne ya fi auki. Shi ya sa masu bincike suke daidaita ƙarfin na'urori biyu har zuwa desibel 0.1 kafin su bari kowa ya saurara.

Sai kuma ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a fagen sauti maganar ta tabbata fiye da yadda aka nufa da ita. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka nuna cewa motsin leɓen da mutum yake kallo yana sauya baƙin da yake ji. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman suka sa mutane su ba sifikoki maki sau biyu, sau ɗaya a bayan labule, sau ɗaya suna kallon su. Makin ya sauya sosai da aka ɗaga labule: manyan masu kyawun gani suka ƙaru, kuma gogaggun masu sauraro ma ba su tsira ba. Wannan ba ya nufin mai sauraro maƙaryaci ne. Abin da ya ce ya ji, ya ji shi da gaske, sai dai ƙwaƙwalwarsa ta haɗa da abin da idonsa ya gani da kuɗin da ya biya.

Domin kauce wa haka David Clark ya bayyana hanyar gwajin ABX a 1982. Ana ba mutum na'urar A da na'urar B, sannan a ba shi X, wadda ɗaya ce daga cikinsu amma ba a gaya masa ba, shi ma mai gudanar da gwajin bai sani ba, sai ya faɗi ko X ita ce A ko B. Mujallar Stereo Review ta yi amfani da ita a Janairun 1987, ta haɗa amfilifayoyi tun daga Pioneer ta dalar Amurka ɗari biyu da 'yan kai har zuwa Futterman ta dala 12,000. Da aka daidaita ƙarfi aka kuma hana kowace wuce iyakarta, amsoshin masu sauraro ba su yi wa canki-canka wani nisa ba. Kafin nan, a 1985, Bob Carver ya gyara amfilifayarsa mai sauƙin kuɗi har siginarta ta yi daidai da ta wata mai tsada, editocin mujallar Stereophile suka kasa raba su da kunne.

4.0 Inda awo yake gazawa

Idan na tsaya a nan za a ɗauka hukunci ya faɗa wa kunne. Ban yarda da haka ba, kuma masu awon kansu ne suka kawo hujja. A 2003 Earl Geddes da Lidia Lee suka gabatar da bincike da ya nuna adadin THD ba ya tafiya tare da yadda mutane suke jin munin gurɓacewa. Dalilin shi ne THD yana tattara abubuwa mabambanta ya ba su lamba ɗaya. Gurɓacewar da ta tsaya kusa da sautin asali, sautin asalin yakan rufe ta, kunne bai cika lura ba. Wadda ta yi nisa da shi, ko wadda take bayyana lokacin da sauti ya yi ƙasa, tana iya zama ƙarama a takarda amma ta soki kunne. Ashe amfilifaya mai THD kashi 1 cikin 100 tana iya fin mai kashi 0.1 daɗin ji, ya danganta da irin gurɓacewar. A ɗaya gefen kuma, tseren da kamfanoni suke yi tsakanin kashi 0.001 da 0.0001 tsere ne a wurin da kunnen kowa ba ya kaiwa.

Gazawar da ta fi damuna ita ce ta yanayi. Ana yin awon kamfani a ɗaki mai sanyi, da tsayayyar wuta, da sauti guda na Hz 1,000, da turjiya ta ƙarfe maimakon hedifon. A Magariya da Dungas kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga ramin iyafis da maɓallin murya har a riƙa jin ƙaiƙayi, wuta kuma ta sola ce da batir, ko janareto, ko ta kamfanin Nigelec idan ta samu. Ba mu manta yadda aka yi fama ba bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a Agustan 2023, ba ta maido ba sai Maris 2024. Na'urar da aka jona da caja mai araha takan kwaso gurnani daga cajar, kuma babu kwalin da zai faɗi haka. Idan batir ya ja baya, iyakar wutar da amfilifaya take bayarwa takan ja baya tare da shi, sai ta fara datse kan siginar. Wannan shi ne abin da mutanenmu suke cewa "sauti ya fashe". A ganina, fashewar sauti ita ce babbar gurɓacewar da ake ji a yankin nan, kuma ta ninka duk wadda mujallun Turai suke gardama a kai.

Bari in ɗan ratsa zuwa manyan amfilifayoyi na lasifikar masallaci da ta biki, don dokar ɗaya ce kuma a nan ƙaryar kwali ta fi fitowa fili. Amfilifayar da take aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, ba tare da na'urar ɗaga wuta a cikinta ba, iyakar abin da za ta ba sifika mai om 4 kafin sauti ya fashe shi ne wat 18 a kowane layi. Idan batir ya sauka zuwa bolt 11, ya koma wat 15. Amma za ka ga an rubuta wat 1,000 ko 2,000 a kwali, da haruffan PMPO a gefe, awon da ba shi da tsayayyar ma'ana. Kwamitin masallaci yana iya gane gaskiya ta duba fis: mai amfiya 5 a kan bolt 12 ba zai wuce da wutar da ta fi wat 60 ba. Irin wannan ruɗi ne ya sa hukumar kasuwanci ta Amurka ta kafa dokar yadda ake bayyana ƙarfin amfilifaya tun 1974.

5.0 Da me za a gwada?

Gwaje-gwajen da na ambata da kiɗan Turawa da maganar Turawa aka yi su. Abin da kunnen Bahaushe yake nema daban ne a wasu wurare. Hausa tana rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, da kuma baƙaƙe masu kama da juna kamar na kafa da ƙafa, bata da ɓata, sara da tsara. Bambancin irin waɗannan baƙaƙe ɗan gajeren abu ne a farkon gaɓa, kuma hayaniya da fashewar sauti suna saurin cinye shi. Na'urar da aka cika wa kauri don ta burge mai saye da dukan ganga, ita ce take dushe muryar malami a tafsirin azumi ko ta ma'aikaciyar lafiya mai bayanin rigakafi a rediyo. Masana sauti suna da ma'aunin fahimtar magana, STI, wanda Tammo Houtgast da Herman Steeneken suka ɓullo da shi a Holan a shekarun 1970. Ya kamata a haɗa irin wannan awo da jerin kalmomin Hausa masu bambancin baƙi ɗaya, a karanta su da harshen Damagaram, a ƙidaya nawa mai sauraro ya kama daidai.

A ɓangaren kiɗa ma haka. Kalangu yana hawa da sauka kamar magana, algaita da kakaki suna da kaifi, gurmi da kukuma suna da ƙananan sautukan da huci yake iya binnewa. Waƙoƙin fim na Kano da ake haɗawa da fiyano sukan zo a cike da ƙarfi tun daga situdiyo, sannan a matse su a tura ta Bluetooth ko WhatsApp daga waya zuwa waya. Tsofaffin waƙoƙin Alhaji Mamman Shata kuwa da yawa daga kaset aka kwafo su. Idan abin da ake sakawa ya riga ya lalace tun daga tushe, bambancin amfilifaya biyu masu lafiya ba zai taɓa fitowa ba, kuma kuɗin da aka ƙara a kanta asara ce.

Tsarin da nake ba da shawara ba ya bukatar injin awo mai tsada irin na Audio Precision. Kwamfuta, da ƙaramar na'urar shigar da sauti, da manhaja ta kyauta irin REW, da mitar lantarki irin ta masu gyaran rediyo, da 'yan turjiyoyi masu om 32 da 300 sun isa a auna ƙarfin da ake samu kafin sauti ya fashe, da turjiyar bakin amfilifaya, da huci. A yi kowane awo sau biyu, da cikakken batir da kuma wanda ya kusa ƙarewa, sannan a maimaita da caja a jone. Bayan haka a daidaita ƙarfin na'urorin da mita, a ɓoye su a bayan labule, a yi ABX sau 16 ga kowane mutum. Wanda ya dace sau 12 ko fiye, damar a ce sa'a ce kawai ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, don haka a karɓi shaidarsa. Idan ya ji bambancin da awonmu bai nuna ba, to awonmu ne bai kammala ba, a koma a nemo abin da aka bari. Masu sauraron kuma su haɗa da ma'aikatan rediyo, da makaɗa, da mahaddata, da mata, da dattawa, domin jin sauti siriri yana raguwa da shekaru.

6.0 Lafiyar kunne, da kira

Akwai lamba ɗaya da ta fi THD muhimmanci, kuma ba na son in kammala ban faɗe ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya sun fitar da ƙa'idar H.870 a 2019: babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80, yaro kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana rabe lokacin biyu, wato awa 20 a kan 83, awa 10 a kan 86, awa 5 a kan 89, awa ɗaya da kwata kacal a kan 95. Hukumar ta kiyasta matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro mai ƙarfi. Ɗan kabu-kabu a tasha, ko yaron da ke tsaron injin niƙa, yana murɗa murya ne don ya rinjayi hayaniyar da ke kewaye da shi. Iyafis mai toshe kunne da kyau zai sa ya rage murya da kansa, kuma wannan ya fi masa amfilifaya mai ƙarfi amfani. Gashin da ke cikin kunnen ciki, mai karɓar sauti, idan ya mutu ba ya sake tohowa.

Saboda haka ina kira ga malamai da ɗaliban kimiyya da na harshe a Jami'ar André Salifou ta Damagaram su haɗa kai su tsara jerin kalmomin gwaji na Hausa, su auna wayoyi da iyafis da amfilifayoyin da ake sayarwa a kasuwannin Magariya da Dungas, su wallafa sakamakon da Hausa. Gidajen rediyon karkara su tambayi om nawa hedifon yake da shi kafin su saya ko su karɓi kyauta, kuma su ware 'yan mintoci a ranar 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, su yi wa masu sauraro bayanin lissafin awa 40. Masu gyaran rediyo da waya na cikin kasuwa su ne mutane suke fara tambaya kafin su saya, don haka da su ya kamata a fara horon.